Farautar agwagin daji da wayar salula: Me hoton sama ke nunawa a ƙasar Galma, me yake ɓoyewa?

Duk shekara, da zarar damina ta ɗauke, an gama girbin hatsi, iskar hunturu ta fara kaɗawa, tabkunan ƙasarmu sukan yi baƙi. Tun daga Galma Kudawace da sauran garuruwan gundumar Madawa, har zuwa Buza da Keita, duk inda ruwa ya kwanta a fadama ko a bayan madatsa, za ka tarar tsuntsaye sun sauka. Akwai ƴan gida irin su kirinjijiya mai farar fuska, wadda ake jin fitonta da dare idan tana wucewa, da dinya, da zalɓe, da balbela. Akwai kuma ƙananan agwagi waɗanda ba a nan aka ƙyanƙyashe su ba. Daga Turai da Rasha suke tasowa, su ƙetare teku da hamadar Sahara, su iso mana a wajajen watan Oktoba da Nuwamba, su juya gida a Fabrairu da Maris.

Inda tsuntsu ya sauka kuwa maharbi na biye, kuma inda maharbi ya nufa da abin da ya harbo, kasuwa ce. Shi ya sa wannan magana ta shafi iyayenmu mata masu tuwo da miya da masu sayar da kaji da zabi, da dillalan da ke kai su Ƙonni da Illela, ko da kuwa ba su taɓa riƙa bindiga ba.

Abin da ya sa muka ɗauko ta yanzu shi ne, hanyar neman tabki ta canja. A da, sanin inda ruwa yake kwance a watan Janairu ilimi ne da ake gada ko ake wahala a samu. Maharbi sai ya taka da ƙafarsa, ya tambayi makiyaya, ya bi sawun shanu, ya lura da inda tsuntsaye ke dosa da almuru. Sarkin baka da dattawan sana'a suna da wuraren da ba su faɗa wa kowa. Yau duk wanda ke da babbar waya da ƴan mega a ciki zai iya buɗe Google Maps ko Google Earth, ya danna wurin da ke nuna hoton tauraron ɗan Adam, ya ga ƙasar Galma daga sama kamar an shimfiɗa tabarma: ga gari, ga gonaki, ga kori, ga duwatsu, ga kuma wani ɗan wuri mai duhu da ke nuna alamar ruwa. (Ga baƙin da ke karanta mu daga nesa, Galma daban, Galmi mai albasa daban, ko da yake hanyar kasuwa ɗaya ta haɗa su.)

Ba mu muka fara ba

A Amurka wannan dabara ta daɗe da zama ruwan dare. Tun da aka fito da Google Earth a 2005, masu farautar agwagi a can suka mayar da shi abokin tafiya. Kafin lokacin farauta ya kama, mutum zai zauna a ɗakinsa ya duba gulabe da fadamu, ya sa wa wuraren da yake zato alama, sannan ya je ya gani da ido. Har akwai kamfanoni irin su onX da ke sayar da taswira mai nuna iyakar kowane fili da sunan mai shi, don kada maharbi ya faɗa gonar wani.

To amma akwai abin lura a nan. Su can, dabarar ta zo ta tarar da tsari a ƙasa. Tun 1934 mai farautar agwagwa ke sayen wani tambari na gwamnati wanda kuɗinsa ke tafiya wajen saye da kare fadamu. Tun 1955 ake ƙirga agwagi daga jirgin sama kowace shekara kafin a yanke tsawon lokacin farauta, kuma a yawancin jihohinsu mutum ba ya wuce agwagwa 6 a rana. Wato an san yawan abin da ke akwai, an san yawan abin da za a ɗiba. Mu kuwa taswirar ce ta riga tsarin isowa hannun jama'a, kuma nan ne gizo ke saƙar.

Hoton yaushe ne?

Abu na farko da ya kamata kowa ya sani, hoton da ke cikin Google Maps ba na yau ba ne. Ba kamar talabijin ba ne da ke nuna abu yana faruwa. Hotuna ne da aka ɗauka a lokuta daban-daban aka ɗinke su wuri ɗaya kamar zanen da aka yi wa maho. A manyan birane ana yawan sabunta su, amma a karkara irin tamu hoto na iya kwana shekara ɗaya ko fiye ba a taɓa shi ba. Sau da yawa za ka ga layi ya raba taswirar gida biyu, gefe ɗaya kore shar, ɗaya gefen ja wur: wannan an ɗauke shi da kaka, wancan da bazara. Haka nan masu haɗa taswirar sun fi son hoton da babu gajimare a ciki, saboda haka ranakun da aka fi samun ruwa a ƙasa su ne ranakun da ba a cika samun hotonsu ba.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce ga tabkin ƙasarmu. Yawancin tabkunan Maggiya da Tarka ba su da zurfi, faɗi gare su. Idan zafi ya kama, rana da iska kaɗai na iya shanye kusan santimita 1 na ruwa kowace rana, ban da wanda ƙasa ke tsotsewa, da wanda dabbobi ke sha, da wanda injin ban ruwa ke ja zuwa lambun albasa. Tabkin da ruwansa ke kai gwiwa a farkon Disamba, kafin ƙarshen Janairu yana iya zama taɓo, yara na tonon gaiwa a ciki. Wanda ya dogara da tsohon hoto ya zuba mai a babur ya tafi, ba abin da zai tarar sai fasasshiyar laka da masu bugun tubali. Kuɗin man kuwa ya tafi ke nan.

A Google Earth ana iya ganin ranar da aka ɗauki hoto a ƙasan allon, kuma tun 2024 an sa wa na waya damar komawa baya a ga hotunan shekarun da suka wuce. Wannan ya fi amfani nesa ba kusa ba, domin idan ka ga wuri da ruwa a watan Fabrairu na shekaru uku ko huɗu a jere, ka san tabki ne mai riƙo. Idan kuwa sau ɗaya ya bayyana, to tuna da daminar 2024, wadda ambaliyarta ta kashe mutane kusan 400 a faɗin Nijar, ta kuma cika ramukan da suka shekara da shekaru ba su ga ruwa ba. Hoton da aka ɗauka bayan irin wannan damina ba ma'auni ba ne.

Mai son hoton kwanan nan sai ya nemi na taurarin Sentinel-2 na Tarayyar Turai, waɗanda aka harba na farkonsu a 2015. Suna shawagi a nisan kusan kilomita 786 daga ƙasa, suna dawowa kan wuri ɗaya duk bayan kwana 5, kuma hotunansu kyauta ne a shafin Copernicus. Sai dai kowane ɗigo ɗaya a hoton yana daidai da fili mai mita 10 tsawo, mita 10 faɗi. Ɗaki guda ma da ƙyar ya cika ɗigo ɗaya, balle agwagwa. Idan hazo ya yi kauri, hoton yakan fito dishi-dishi. Sannan ruwanmu mai laka launinsa kusan ɗaya ne da ƙasar da ke kewaye da shi, sai an juya hoton zuwa wani irin haske da idon mutum ba ya gani, wanda a cikinsa ruwa ke fitowa da duhu, ganye kuma ja. Irin aikin da masana ke yi ke nan a cibiyar Agrhymet ta Yamai, wadda aka kafa a 1974 bayan babban fari, don lura da damina da makiyaya da amfanin gona a ƙasashen Sahel.

Ruwa daban, tsuntsu daban

A ce ma hoton na jiya ne, kuma ruwan na nan. Har yanzu da sauran rina a kaba, don ba kowane ruwa agwagwa ke so ba.

Abin da ya fi fitowa sarai a taswira shi ne manyan madatsu, irin na Ibohamane a gundumar Keita, ko Mozage da Zongo da ke shayar da gandun noman rani na Ƙonni, da kuma ƙananan madatsun da aikin raya karkara na Keita ya gina tun daga 1984 da kuɗin ƙasar Italiya. Aikin nan, kada a manta, mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsunsa a ka. Irin wannan ruwa mai faɗi, mai tsiraicin gaɓa, wurin hutu ne. Ƙananan agwagin da ke zuwa daga Turai sukan wuni a tsakiyarsa, nesa da harsashi, sai dare ya yi su tashi su tafi kiwo. Inda suke kiwon kuwa ruwa ne da bai wuce kamu ɗaya zurfi ba, mai bado da ciyawa da ƴaƴan tsirrai, domin ba nutsewa suke yi ba, kai kawai suke dulmiyawa. Irin wannan wuri daga sama kore yake fitowa, ba ka bambanta shi da lambu ko gonar dawa. Ruwan da ke ƙarƙashin inuwar bagaruwa ma ba ya fitowa sam. Ke nan abin da waya ta fi nunawa shi ne inda tsuntsu ya fi wuyar samu, inda yake cin abinci kuma ta ɓoye shi.

Tsohon maharbi ya san wannan ba tare da an karanta masa ba. Yana duba gashin da ya zuba a bakin ruwa, da kashi, da sawu a laka. Wanda zai ci ribar taswirar shi ne wanda dama ya san dajin, ta rage masa yawo. Ga wanda bai sani ba, wahala take ƙara masa.

Amma ba mu raina ta ba, kuma damuwarmu ma daga nan ta taso. A shekarun 1990, wasu masana ƴan ƙasar Holan, Joost Brouwer da Wim Mullié, tare da ma'aikatan gandun daji na Nijar, sun yi ta ƙirga tsuntsayen ruwa a watannin Janairu da Fabrairu. Lissafinsu ya nuna ƙasar na da tabkuna fiye da 1,000 a warwatse, kuma tsuntsayen ruwan da ke cikinta a wannan lokaci sun haura miliyan ɗaya. Kaɗan ne daga cikin tabkunan suka yi suna. A jihar Tawa, na Tabalak da na Ɗan Dutsi ne aka sa a jerin yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu a 2005. Sauran, ƙananan da ke lungunan duwatsun Buza da Keita da ƙauyukan Galma, babu mai gadinsu. Abin da ke kare su tun fil azal shi ne nisa da rashin sani: baƙo bai san da su ba, ɗan gari kuma yana ɗibar abin miya ne ya bar saura. Taswirar ta cire wannan kariya. Mutum ɗaya ya gano wuri, ya aika wa abokansa alamar ta WhatsApp, kafin mako ya zagayo babura biyar sun sauka a wurin. Tsuntsun da ake tayarwa kullum kuwa ba ya zama, kuma agwagwar da ba ta yi ƙiba ba a watan Fabrairu ba za ta iya ƙetare Sahara ta koma inda za ta yi ƙwai ba.

Kirinjijiya da dinya su kuma a nan suke hayayyafa, da damina. Wanda ya harbi uwa a watan Agusta, ya kashe har da ƙwai ko ƴan tsakin da ta bari a ciyawa.

Tabki yana da masu shi

A allon waya, tabki kamar ba na kowa ba ne. Ba a ganin maigari, ba a ganin sarkin ruwa da masunta da suka zuba kifi suna jiran ranar su, ba a ganin burtalin da shanu ke bi su sha ruwa, ba a ganin matar da ke cirar zogale da yakuwa a bayan shinge, ko yaran da aka aika ɗibar ruwa da asuba, daidai lokacin da maharbi ke laɓe. Harbin tsuntsu a kan ruwa harbi ne na ƙasa-ƙasa, kuma ƙwayar dalma na iya tsalle a kan ruwa ta ƙetara wancan gefe. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye tun daga gunduma har ƙauye saboda irin waɗannan wurare da jama'a da yawa ke tarayya a kansu. Baƙon da ya zo bai yi sallama da maigari ba, ya riga ya fara da kuskure.

Ga kuma halin da ake ciki na tsaro. Ƙauyukan da ke kan iyakarmu da jihar Sakkwato sun sha fama da ɓarayin shanu da masu satar mutane, har ƴan gudun hijira suka cika Bangi. A irin wannan yanayi, baƙuwar fuska a kan babur, da bindiga a kafaɗa, tana duba waya tana bin hanyar daji, ba wanda zai fara kawo agwagwa a ransa. Ba mu manta da mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a Najeriya a watan Maris na 2025 ba, suna kan hanyarsu ta komawa Kano, bayan an ga bindigogin farauta a motarsu.

Ita ma hukuma tana da ta cewa. An rufe farauta a Nijar a 1974, ba a sake buɗe ta ba sai 1996. Dokar farauta mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998 ta ce namun daji ba a farautarsu sai da takardar izini, har da irin iznin da aka tanada don farautar gargajiya, kuma hukuma ce ke faɗin ranar buɗewa da ranar rufewa. Ta haramta farauta da guba, da wuta, da fitila da dare. Ta kuma ware dabbobi da tsuntsayen da ba a taɓa su ko kaɗan. Ofishin gandun daji na Madawa ko Buza ko Keita shi ne wurin tambayar abin da ya halatta a kowace shekara. Ƴan kasuwa su lura da wannan da kyau: maharbi yana daji, ba a cika ganinsa ba, amma tsuntsun yana rataye a rumfa a bainar jama'a. Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, kuma ma'aikacin gandun daji ma mai rumfar zai fara tambaya.

Abin da ke shigowa gida tare da agwagwa

Yanzu bari mu zo kan wadda za ta saya. Hajiya, idan aka kawo miki agwagwar daji da araha, abin da ya fi kuɗinta muhimmanci shi ne kajinki.

Masu kiwo ba su manta da 2006 ba. A watan Fabrairun shekarar aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gonar kaji a jihar Kaduna, kafin watan ya ƙare aka same ta a jikin agwagin gida a Magarya. Kasuwar kaji ta faɗi warwas, har waɗanda cutar ba ta je garinsu ba sun ji a jikinsu, saboda mutane sun ƙaurace wa nama da ƙwai. A Janairun 2021 cutar ta kashe kwasakwasa kusan 750 a gandun tsuntsaye na Juj a Senegal. A ƙarshen 2022 kuwa ba labarin nesa ba ne, a Buza ta ɓulla, dubban tsuntsayen gida suka mutu ko aka kashe su don tsayar da ita.

Adalci shi ne mu faɗa cewa ba tsuntsayen daji kaɗai ke yaɗa ta ba. Safarar kaji daga kasuwa zuwa kasuwa, da keji da kwandon da ba a wankewa, suna daga manyan hanyoyinta. Amma likitocin dabbobi sun tabbatar agwagin daji na iya ɗauke da ƙwayar cutar suna tashi lafiya lau, ba alamar komai a jikinsu. Naman da ya dahu sosai ba shi ne abin tsoro ba, zafin tukunya na kashe ƙwayar. Haɗarin yana wajen fiɗa. Ana figar agwagwa a tsakar gida, iska ta kwashi gashin, a watsa ruwan wankin a bayan ɗaki, a jefa wa kaji hanjin su yi ta wawaso. Cikin ƴan kwanaki kaji su fara zubewa, a ce iska ce ko sammu. Kajin nan kuwa, a gidaje da yawa, su ne asusun mace: kuɗin magani, kuɗin biki, zubin adashi. Saboda naman miyar dare ɗaya a rasa su, ai an yi ba a yi ba. Wadda ta ga lalle sai ta saya, to ta fige nesa da akurki, ta binne gashi da hanji a rami, ta wanke hannu da wuƙa da sabulu, kuma kada ta rataye ta kusa da kaji masu rai a rumfa.

Abu na biyu, a duba yadda tsuntsun ya mutu. A ƙasashen Afirka da dama an kama masu jiƙa hatsi ko shinkafa da maganin ƙwari su watsa a bakin ruwa, da safe su zo su tsince tsuntsaye da buhu. Maganin ƙwari kuwa ba ya wuyar samu a yankin da kowa ke noman albasa. Idan aka kawo miki tsuntsaye da yawa a lokaci ɗaya, babu raunin harbi a jikinsu, ko kuwa an yanka wuyan amma babu alamar jini ya zuba, to ki bar su ko nawa aka rage miki. Ban da guba, mushe ne, kuma wannan ba sai mun je wurin malam ba. Mai tuwon da mutane suka kwanta ciwon ciki bayan sun ci a wurinta, ta san abin da zai sami rumfarta.

Na uku ita ce dalma. Harsashin harbin tsuntsu ƙananan ƙwayoyi ne na dalma, wasu su maƙale a nama, mafi yawa su zube cikin tabki. Agwagwa na haɗiyarsu a zaton tsakuwa ce, su narke a ƙundunta, ta rame ta mutu ko da ba a taɓa harbinta ba. Saboda haka Amurka ta hana harbin agwagi da dalma tun 1991, Tarayyar Turai ma ta hana shi a fadamu daga Fabrairun 2023. Mu da ke maƙwabtaka da Zamfara, inda gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara kusan 400 a 2010, ba ma bukatar dogon bayani kan abin da take yi wa ƙwaƙwalwar yaro. Ba muna cewa ƙwaya ɗaya a miya za ta yi irin wannan ɓarna ba, amma a tsince ta, a yanke naman da ke kewaye da raunin, kuma a rage ba ƙananan yara da masu juna biyu irin wannan nama. Ko dinya ma, masana sun rubuta cewa a wasu wurare kamar Gambiya namanta kan yi dafi idan ta ci hangara da yawa, ƙwaron nan da ke cin furen hatsi yana sa fata ta yi bororo.

Tambaya uku ta ishi mai saye: daga wane tabki, yaushe aka harbo, kuma da takarda ko babu? Mai gaskiya ba zai ji haushi ba. Idan mata biyar a kasuwa ɗaya suka riƙa yin ta, mai guba zai rasa inda zai kai kayansa, don ba don ya ci yake kashe buhu guda ba.

A ganinmu ma, ɗan kasuwa ya fi maharbi cin moriyar waɗannan hotuna, da zai koyi duba su. Mai sayen albasa da ya kwatanta hoton kwarin Tarka na Janairun bana da na bara zai ga ko lambuna sun ƙaru ko sun ragu, tun kafin kaya su fito ya san ko za a yi arha. Mai kifi zai ga wane tabki ke ja da baya, inda masunta za su yi gaggawar kwashewa. Mai motar da ke bin hanyar Madawa zuwa Buza da Keita zai ga korin da ya ci hanya. Kwamitin ƙauye zai iya nuna wa hukuma, da hoto na shekara da shekaru, yadda yashi da laka ke cike madatsarsu, abin da ya sami da yawa daga cikin madatsun Adar. A duk waɗannan, abin da ake nema babba ne, ba ya tashi sama, kuma ɗigon mita 10 ya isa ya nuna shi.

Wanda kuma ya je bakin tabki, ko da taswira ko da ƙafa, ya tarar da matattun tsuntsaye da yawa a wuri ɗaya, kada ya taɓa su, kada ya bari yara ko karnuka su ɗauko. Ya sanar da maigari da ofishin kiwo ko na gandun daji mafi kusa. A nan wayar za ta yi aiki sosai: ya danna yatsa a kan wurin a taswira har alama ta fito, ya aika wa likitan dabbobi ita tare da hoton tsuntsayen da ranar da ya gan su.